Kan Alhaji Mijinyawa da Kofin Sittin da Uku

A duk faɗin birnin Landan, daga Barking har Thamesmead, babu kan da ya kai na Alhaji Mijinyawa daraja. Masu sarautar ƙasar suna da kambin zinariya, gaskiya ne, amma kambi ɗora shi ake yi a sauke. Shi kuwa Alhaji da abinsa aka haife shi. Kai ne dogo mai ɗan faɗi a sama kamar an daɓe shi, yana zaune bisa wani jiki mai tsawon da sai ya sunkuya kafin ya shiga bas. Wannan kan ne ya ceci kofin ƙwallon ƙafa na kwalejojin lardi ga Kwalejin Horon Malamai ta Gidan Marke a shekarar 1963. In ba ka san haka ba, kada ka damu. Tsaya kusa da shi a tashar bas, kafin bas ta iso ka sani.

Sana'arsa tura tsofaffin firji da tayoyi zuwa gida daga wani ɗan shago a Old Kent Road. Amma mutum irinsa ba a auna shi da firji. Katinsa ma ya san da haka, domin da manyan baƙaƙe aka buga "Alhaji Mijinyawa, Kan Albarka, Tsohon Ɗan Wasa Mai Ritaya", maganar firji kuwa tana can ƙasa, sai mai tabarau.

Talakawansa su ne 'yan Ƙungiyar Tsofaffin Ɗaliban Marke reshen Landan: direbobin tasi, masu gadi, ma'aikatan jinya, da ɗaliban da suka zo karatun shekara biyu suka yi jijiya. Duk wata sukan taru a Thamesmead, a gidan sakatarensu Hambali, wani ɗan siriri mai saurin hawaye wanda yake tuƙa tasi da rana yana neman digiri na uku da sauran kuzarinsa. Suna zaune a ƙasar da ake ce da ita uwar ƙwallo, amma ƙwallon Turawa ba ta ishe su kallo ba. Su dai Rinar Marke, ƙungiyar kwalejinsu mai riga rawaya da baƙi. Kofi ɗaya tak Rina ta taɓa ci tun da aka kafa ta, shi ne na sittin da uku, kuma suna riƙe da shi kamar ɗan da aka samu bayan an fid da rai.

Da an sha shayi sai gardama ta tashi, kullum kuma ita ce dai: wane ne gwarzon gwarazan Marke? Wasu su ce marigayi Damata Ƙafar Hagu, wanda ya ci ƙwallo ɗayar da aka ɗauki kofi da ita, wanda aka ce ya taɓa dukan ƙwallo ta fashe, fatar ta shiga raga, robar ciki ta bi sama, alƙalin wasa ya zauna a ƙasa yana tunani. Wasu su ce Masawudu Biri, golan da yake tsaron gida yana ɓarar gyaɗa. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya ga waɗannan mutane da idonsa, don duk bayan yaƙin basasa suka shiga kwalejin. Abin da suka gada shi ne waƙar kofi, wadda kowane sabon ɗalibi yake haddacewa kafin ya san hanyar ɗakin cin abinci:

Kan Mijinyawa, kan albarka,
Ta zo da gudu, ta koma da kuka!

Saboda haka ranar da Hambali ya shiga shagon Old Kent Road neman ƙaramin firji, ya ga sunan a kati, sai ya ɗago ya dubi kan mai shagon. Ya rera baitin farko. Alhaji kuwa hularsa kawai ya cire, a hankali, ya bar tarihi ya yi magana. Hambali ya fashe da kuka, ya sayi firjin da ba ya sanyi, bai taɓa mayar da shi ba.

Tun daga ranar Alhaji ya zama shugaban ƙungiya na har abada. Aka kuma tsiro da al'ada: kafin a buɗe taro sai ya cire hula ya sunkuyar da kai, kowa ya zo ya shafa. Mai jarrabawar tuƙi ya shafa sau biyu. Wanda ya ci, albarkar kan ce. Wanda ya faɗi, bai shafa da niyya ba.

Bayan shafa sai huɗuba.

"Ku yaran yanzu kun ɗauka gudu shi ne ƙwallo," in ji shi, yana kaɗa cokali a kofin shayi. "Ni nan da kuke gani, ban taɓa gudu a fili ba. Never! Ƙaramin ɗan wasa ke bin ƙwallo. Babba wuri yake zaɓa ya tsaya, ƙwallo ta zo ta gaishe shi. Ran wasan ƙarshe da Kunamun Tudun Kanya, shugaban kwaleji da kansa ya ratso taro ya kama hannuna, ya ce, Mijinyawa, in ba kai ba, mun kaɗe. Na shiga. Fili ya yi tsit. Duk nauyin kwalejin nan a kaina aka ɗora shi."

Sai ka ji ana "Allah ya ja zamanin Siniya!" don haka ɗaliban Marke suke kiran na gaba da su, ko da ya yi jika.

Wata rana wani mai ƙarambani ya tambaye shi lamba nawa yake sawa. Alhaji ya dube shi da tausayi ya ce lamba ta masu tsoron ɓacewa ce. Aka kawo tsohon hoton 'yan wasan, sai ga shi can a gefe, rabin jikinsa a waje, ba jesi, ga guntun rake a hannu. Ya ce koci ne ya roƙe shi ya saje da 'yan kallo, kada abokan gaba su gane makamin da aka ɓoye musu. Hambali ya share hawaye ya ce dabarun mutanen da sai su.

Sau ɗaya aka taɓa ganinsa da ƙwallo ido da ido. Wata Lahadi ce, 'yan ƙungiya suna ɗan motsa jini a filin ciyawa na bakin tafkin Thamesmead, shi kuma yana tsaye a gefe cikin babbar riga da kwat ɗin sanyi yana ba da umarni da lema. Ƙwallo ta gangaro ta tsaya daidai gabansa. Alhaji ya tattare riga, ya ja da baya, ya kai wani mugun duka. Takalminsa ya tashi sama, ya yi juyi mai kyau, ya faɗa tsakiyar tafki har agwagi suka watse. Ƙwallo kuwa tana nan inda take, ko gezau.

"Kun gani?" ya ce, yana tsaye da ƙafa ɗaya. "Wannan shi ake kira yaudara. Da akwai gola a nan, da takalmin zai bi."

Aka tafa masa. Ya koma gidansa a Barking a jirgin ƙasa da safa jiƙe da zuciya fari tas.

Ana nan har 1993, kofi ya cika shekara talatin. Sai saƙo ya zo daga gida cewa kwaleji ta share sabon fili, za a sa masa sunan gwarzon gwarazan Marke, kuma reshen Landan aka bar wa zaɓi tunda su suka aika da raga da rigunan wasa. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Damata yana kabari, Masawudu Biri yana wani ƙauye da ko gidan waya babu, Kan Albarka kuwa ga shi a kujerar shugaba. Alhaji ya rufe ido ya hango allo a bakin hanya: Filin Wasa na Mijinyawa. Ya hango jikokin jikoki suna tambaya, wane ne wannan bawan Allah? A ransa ya ji firji da taya duk sun zama wasan yara.

Bai jira zaɓe ba. Ya sa aka zana hotonsa cikin jesi rawaya da baƙi yana shawagi a sama, kai na tunkarar ƙwallo, ƙafafu ba sa taɓa ƙasa. Ya ɗinka babbar riga mai ratsin rina. Ya kama wani zaure a Old Kent Road, tsohon sito ne da ake coci a ciki ran Lahadi, ya ɗauko Memunatu, wata 'yar zangon Kumasi da babu mai kama ƙafarta a shinkafa da wake, ya ce ta dafa kamar ana sunan 'yan uku. Sannan ya kawo shawarar da ta fi kowace girma.

"Hambali, na yi booking ɗin hall. Saura abu ɗaya. A gayyato tsofaffin ɗaliban Tudun Kanya. Naɗi ba ya cika sai wanda aka kayar ya zo ya ga rawani."

Matarsa Hajiya Hadizatu, wadda ta yi shekaru tana jin labarin nan yana ƙara ƙiba kowace damina, ta dube shi ta ce, "Alhaji, da ka ci tuwonka a ɗaki, ka bar kiran maƙwabta." Ya yi murmushi irin na manya. A gaskiya ba ƙarfin hali ba ne. Ya daɗe yana ba da labarin har shi kansa ya gaskata, in ya tuna ranar, mutumin cikin zanen nan yake gani. Ya manta da cewa in maye ya ci ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba.

Ran Asabar bayan azahar zaure ya cika. 'Yan Marke sun yi anko, mata sun sha ɗauri, yara suna guje-guje tsakanin kujeru suna amsa Hausa da Turanci. Kunamun Kanya su shida suka zo, suka zauna a teburin baya, cikinsu har da wani gajeren dattijo mai furfura da faffaɗan ƙirji, direban bas, sunansa Katung. Aka shafa kai, layi har bakin ƙofa. Aka rera waƙar kofi sai da kwanon rufi ya amsa. Aka yaye ƙyallen da ya rufe zane, Hambali ya nemi hankici. Alhaji ya karɓi abin magana, ya yi jawabin da ya fara daga haihuwarsa, wadda a cewarsa ungozoma ta ga kan ta yi kabbara. Da ya iso minti na ƙarshe na wasan, sai ya nuna teburin baya da yatsa.

"Ga su can! Su faɗa da bakinsu. Wa ya hana Kanya kofi?"

Dattijon nan ya miƙe a hankali, yana ƙare wa Alhaji kallo tun daga takalmi har tsakar kai. Can sai fuskarsa ta washe kamar ya tsinci ɗan'uwansa a tasha.

"Kai! Ashe kai ne! Turke! Jama'a, wallahi turken ne!"

Ya taho da sauri ya rungume Alhaji a daidai ciki, don nan tsawonsa ya kai. Ya karɓe abin magana ba tare da an ba shi ba.

"Ni ne Katung, ni na buga fenaretin nan. Shekara talatin ina neman mutumin nan! Ku 'yan Marke ba ku san labarinku ba? Ana saura kaɗan a tashi, kuna da ɗaya muna nema. Golanku Masawudu ya jingina da turken raga yana cin gyaɗa, ashe gara ta cinye gindin. Turke ya faɗi, gorar sama ta sauko. Rafali ya ce ko a gyara yanzu ko a ba Kanya wasa. Principal ɗinku ya duba cikin 'yan kallo, ya ga wani dogon yaro ɗan aji ɗaya yana shan rake. Aka kawo turmi daga kicin aka kife, aka ɗora shi a kai, aka yi masa gammo, aka aza masa gorar. Rafali ya auna ya ce ya yi daidai, play on!"

Cokalin wani ya faɗi, ƙararsa ta zaga zauren.

"Minti na ƙarshe muka samu fenareti. Na aika Masawudu hagu, na saka ta can kusurwar sama ta dama. Ƙwallon nan ta shiga, na rantse da kabarin babana ta shiga! Sai turke ya karkato, ya sa goshi, ta dawo fili. Muka ce turke ya motsa. Rafali ya ce turke ba ya motsi. To yau ga ni ga ka, abokina. Tsakaninka da Allah, ka motsa ko ba ka motsa ba?"

'Yan Marke suka juyo gaba ɗaya suna kallon kan da suka yi shekaru suna shafawa. Yanzu ne suka gane dalilin faɗin nan na sama. Wata mata ta dubi tafin hannunta ta goge a zani.

Da wani mutum ne, da ya nemi ƙofa. Amma Alhaji Mijinyawa ba wani mutum ba ne. Cikin ƙiftawar ido ya hango wata sabuwar ɗaukaka tana ɗaga masa hannu. Ya fizge abin magana, ya gyara riga.

"Na motsa! Da gangan na motsa! Kuna tsammani itace zai iya karanta ƙafar ɗan wasa? Na dubi idonsa, na lissafa iska, na karkata kamu guda, ga gora a kaina, ga turmi a ƙafata, na sa mata kai. A tarihin ƙwallon duniya, wa ya taɓa yin haka? Who?"

Ai bai rufe baki ba teburin baya ya kife. Tsofaffi shida suka yi tsalle kamar an cire musu shekara talatin daga gwiwa. "Ya amsa! Ya amsa! Kofinmu ne!" Katung ya cire kwat yana juya ta sama, ɗaya ya hau kujera, ɗaya ya kama tiren Memunatu yana kiɗa da ludayi. Suka zaga zauren a layi suna waƙar Kanya, suna cewa gobe-gobe za su sanar da gida, a ɗauko kofi daga ofishin Marke a kai shi inda ya dace, a kuma haɗa da turmin.

Garin neman gira an rasa ido. 'Yan Marke suka yi cirko-cirko. Kofi ɗaya tak, wanda suke jin ɗuminsa a sanyin Landan, wanda suke gaya wa 'ya'yansu in an tambaye su me garinsu ya taɓa yi, ga shi shugabansu na har abada ya miƙa shi da bakinsa. Hambali ya hau dandamali, kuma wannan karon idonsa a bushe yake. Ya matso kusa da kunnen Alhaji, amma abin magana yana buɗe, kowa ya ji.

"Siniya, ranka ya daɗe, magana biyu ce. In ɗan wasa ne kai, Marke ta sa mutum goma sha biyu a fili, kofi ya tafi, kuma ba mu san inda za ka sake shan shayi a garin nan ba. In kuwa turke ne kai, kofi namu ne, don turke ba ya ba da shaida. Zaɓi ɗaya."

Gaba kura, baya sayaki. Alhaji ya dubi zanen, mutumin ciki yana ta shawaginsa ba ruwansa. Ya dubi Hajiya Hadizatu, ita kuma ta sami wani abin sha'awa a cikin farantinta. Ya dubi fuskoki ashirin da 'yan kai waɗanda ɗazu suke layin shafa. Gumi ya tsattsafo a kan mai albarka. Ya kai abin magana baki, muryar da ta saba cika zaure ta fito 'yar ƙarama.

"Ban motsa ba."

"Ba mu ji ba, Siniya!"

"Na ce ban motsa ba. Santsin turmi ne. Ni... turke ne."

Zaure ya ɗauki sowa. 'Yan Marke suka rungumi juna kamar yau aka ci kofin. Kunamun Kanya suka ce ba su yarda ba, amma dariya ta hana su tsayawa da ƙafafunsu, kuma kowa ya san gardamar da ta yi shekara talatin ba a son ta mutu, don da ita ake zumunci. Nan take aka ɗaga hannu: sabon fili ya zama Filin Damata. Don kada a yi butulci, Hambali ya kawo shawara a sa wa turken dama na ragar gabas sunan shugaba, a kuma riƙa shafa masa maganin gara duk shekara. Ba wanda ya ƙi. Katung ma ya ɗaga hannu biyu, ko da yake ba shi da ƙuri'a.

La'asar ta yi, aka fara watsewa, don masu coci suna son jera kujerunsu. Memunatu, wadda duk abin nan tana bayan labule tana fama da tukwane ba ta san wainar da aka toya ba, ta fito rungume da wata ƙatuwar tukunya. Ƙofar siton irin mai komawa da kanta ce, ta tura da ƙafa ta dawo, ta tura da kafaɗa ta dawo. Ta waiga tana neman abin tokarewa, ba dutse, ba itace. Sai ta hango wani dogon mutum cikin riga rawaya da baƙi tsaye shi kaɗai kusa da wani hoto, ba ya aikin komai.

"Alhaji, don Allah zo ka tsaya nan ka riƙe min ƙofa nan. Shi yana rufewa. Ka tsaya kawai, kar ka motsa."

Ya zo ya tsaya. Tukwane suka wuce, kujeru suka wuce, 'yan Marke suka wuce ɗaya bayan ɗaya suna kallon ƙasa kafaɗunsu na rawa. Katung ne na ƙarshe. Ya tsaya, ya duba shi sama da ƙasa da idon wanda ya san aikin, ya gyaɗa kai.

Wannan karon dai Marke da Kanya bakinsu ya zo ɗaya: bai motsa ba.